Maganin Hawan Jini da Mai Tsohon Ciwon Huhu

Akwai wani dattijo maƙwabcina, manomin riɗi, wanda ya yi shekaru yana fama da ciwon fuka. Duk da haka ba ya fasa zuwa gona da ƙafa, ran Alhamis kuwa in an je kasuwar Maigatari shi ne mai zagaya kara daga wannan gefe zuwa wancan yana taya awaki. Wata shekara bayan girbi ciwon kai ya dame shi. Aka auna jininsa a wani shagon magani, aka ce ya hau, aka ba shi waɗansu ƙananan ƙwayoyi. Kafin mako ya zagayo, mutumin nan ba ya iya kaiwa bakin rijiya sai ya tsaya sau biyu, ƙirjinsa yana kuka. Mutanen gida suka ce tsufa ne, waɗansu suka ce hazon hunturu ne. Sai da ɗansa ya kai shi asibiti tare da kwalin maganin, likita ya karanta sunan, ya ce ga ɓarawon nan. Sunan maganin propranolol.

Mai karatu, kada ka ce maganin nan mugu ne. Wani likita ɗan Sikotilan mai suna James Black shi ya ƙirƙiro shi a cikin shekarun 1960, har aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1988, kuma ya ceci masu ciwon zuciya ba adadi. Abin da ya faru shi ne an ba mutumin da bai dace da shi ba, ba a kuma tambaye shi labarin ƙirjinsa ba.

Bari mu duba yadda abin yake. Sa'ad da mutum ya fara aiki mai ƙarfi, jiki yakan aika saƙo zuwa wurare biyu. Yakan ce wa zuciya ta ƙara sauri, yakan kuma ce wa ƙananan hanyoyin iska na cikin huhu su buɗe. Propranolol yana tare saƙon da ke zuwa zuciya, domin haka bugunta ya ragu, jini ya sauka. Amma fa ba ya bambanta ƙofar zuciya da ta huhu, duka yake rufewa. Mai lafiyar huhu ba zai ji kome ba. Mai fuka kuwa, hanyoyin iskarsa dā ma a matse suke, sai su ƙara tsukewa. Abin da ya fi muni, maganin shaƙa da yake dogara da shi, watau salbutamol ko Ventolin, ta wannan ƙofa ɗin yake shiga ya buɗe huhu. In ƙofar tana rufe, zai shaƙa ya shaƙa bai sami sauƙin da ya saba samu ba. Har maganin ɗigawa a ido mai suna timolol, wanda ake ba masu hawan ruwan ido, dangin propranolol ne, yana iya tayar da fuka.

Akwai 'yan'uwansa da aka yi daga baya, kamar atenolol da metoprolol da bisoprolol, waɗanda suka fi karkata ga zuciya, suna taɓa huhu kaɗan kawai. Mai ciwon toshewar huhu na dindindin, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da haruffan COPD, in yana da ciwon zuciya tare, akan ba shi ɗaya daga cikin waɗannan, kuma yana amfana ƙwarai. Amma ba a ba da su don huhu. A 2019 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Amurka a kan mutum 532 masu wannan ciwo waɗanda zuciyarsu ba ta bukatar maganin. Waɗanda suka sha metoprolol sun fi kwanciya asibiti saboda tashin ciwon, har aka tsai da gwajin kafin lokacinsa. Wani gwajin na bisoprolol a Birtaniya, wanda aka buga a 2024, bai ga ya rage tashin ciwon ba, bai kuma ga ya ƙara shi ba.

Ciwon nan na toshewar huhu ba baƙo ba ne a ƙasar Gumel, ko da ba mu saba da sunansa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kashe mutum fiye da miliyan 3 a 2019. A ƙasashen Turai taba ce babbar sanadinsa. A wurinmu sai a ƙara da hayaƙin itace da na kara da uwayenmu mata suke shaƙa shekara da shekaru a cikin madafa marar taga, da kuma tabon da tarin fuka yakan bari a huhu bayan an warke. Ka shiga kowane ƙauye a Gagarawa ko Sule Tankarkar, ba za ka rasa tsohuwar da ba ta taɓa shan taba ba, amma tarinta kamar na wanda ya tsufa a cikinta.

To, irin waɗannan mutane su zauna wuri ɗaya ke nan? A'a. Nan ne mutanenmu suka fi kuskure, da kyakkyawar niyya kuwa. Da an ga Baba yana haki sai a ce ya huta, a ɗauke masa kome. Yana zaune naman ƙafafunsa yana raguwa, ƙafa marar ƙarfi kuwa ta fi cin iska, sai hakin ya ƙaru, sai ya ƙara zama. A manyan asibitoci akan shirya wa masu ciwon huhu horon motsa jiki na mako 6 zuwa 8, kuma an tabbatar yana rage haki, yana ƙara nisan tafiyar da mutum zai iya yi. Tafiya kuma tana sauko da jini. Abin da ake bukata shi ne a san yadda kowane magani yake canza jiki lokacin tafiyar.

Mai shan dangin atenolol zuciyarsa ba za ta yi sauri kamar ta sauran mutane ba, kome aikin da yake yi, zai kuma gaji da wuri, musamman a makonnin farko. Domin haka ƙirga bugun jini a wuyan hannu ba zai nuna masa ko ya wuce iyaka ba. Ma'auninsa shi ne magana. In yana tafiya yana iya amsa gaisuwa ya tambayi lafiyar iyali ba tare da numfashi ya yanke masa ba, yana daidai. In ya kasa haɗa kalma uku, ya rage sauri.

Lisinopril da enalapril da captopril su kuma matsalarsu tari ce, busasshen tari mai ƙaiƙayin maƙogwaro, wanda yakan kama kamar mutum ɗaya cikin goma. Mai tsohon ciwon huhu zai zaci ciwonsa ne ya tashi, ya yi ta sayen maganin tari a banza. Likita yana iya musanya masa da losartan, wanda ba kasafai yake kawo tari ba. An taɓa zaton irin wannan magani zai ƙara wa masu ciwon huhu ƙarfin ƙafa, aka gwada a Landan a kan mutum 80 masu yin horon motsa jiki, aka buga sakamakon a 2016. Waɗanda aka ba enalapril ba su ƙaru da ƙarfi kamar waɗanda ba a ba su ba. Amma su waɗannan ba don hawan jini aka ba su maganin ba, don haka wanda likita ya rubuta masa saboda jini ko ƙoda kada ya daina.

Ƙwayoyin sa fitsari, irin su Moduretic da ake sha da yawa a Nijeriya, ba su taɓa hanyoyin iska, amma suna fitar da ruwa. A watan Afrilu da Mayu, sa'ad da zafin Gumel ke wuce awo 40, mai shansu in ya fita da rana yana zufa zai iya yin jiri ya faɗi, majinar ƙirjinsa kuma ta yi kauri. Ya yi tafiyarsa da sassafe, ya riƙe gorar ruwa. Da hunturu kuwa akasin haka ne, ya bari sanyin safiya ya wuce, ya rufe hanci da baki da rawani ko mayafi, ranar da hazo ya yi yawa ya zagaya cikin gida.

Amlodipine shi ne wanda aka mai da maƙwabcina a kansa. Ba ruwansa da huhu, ba ya kuma hana zuciya sauri. Wani bincike da likita ɗan Nijeriya Dike Ojji ya jagoranta a ƙasashe 6 na Afirka, aka buga a 2019, ya nuna haɗin magani mai amlodipine a ciki ya fi sauko da jinin baƙar fata. Aibinsa kumburin idon sawu, da jiri in mutum ya tsaya cak bayan tafiya. Domin haka a ƙarasa tafiya a hankali, minti biyar na ƙarshe kamar mai rakiyar baƙo.

Wanda ya daɗe a zaune ya fara da minti 5 ko 10 a rana, ya ƙara kaɗan kowane mako, maganin shaƙarsa yana aljihu. In haki ya zo, ya ja iska ta hanci, ya fitar da ita a hankali ta tsukakken baki kamar mai hura kunu. In ya ji ciwo a ƙirji, ko duhu ya rufe masa ido, sai a tsaya a nufi asibiti. Ran zuwa ganin likita a Babban Asibitin Gumel ko wani wuri, a tattara dukan magungunan da yake sha a leda ɗaya, har da na ido da na gargajiya, a kuma faɗi in yana shan zoɓo kullum, gama shi ma yana sauko da jini kaɗan. Mai shan propranolol ko atenolol kuwa kada ya yanke shi dare ɗaya don ya karanta wannan shafi, domin zuciya tana iya tashi da ƙarfi. Likita ne zai rage masa shi sannu sannu, kamar yadda aka yi wa maƙwabcina, wanda kafin damina ta faɗi ya koma zagayen kara a Maigatari.