Wuraren Tarihin da Baƙo Zai Gani a Zuru

Da an ambaci Zuru, abin da ke fara zuwa zuciyar mutane shi ne soja, kuma da gaskiyarsu: nan ne mahaifar Janar Ishaya Bamaiyi, wanda ya shugabanci rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999. Amma wannan masarauta ta kudancin Jihar Kebbi tana da abin kallon da ya girmi bariki.

Na farko shi ne Girmache, wani kurmi mai ruwa inda kadoji ke zaune. Masu addinin gargajiya suna girmama wurin, suna kai hadaya don neman biyan buƙata. Ba a taɓa kadojin, ba a kuma shiga sai da jagoran da ya san dokokin wurin. Wanda ya je da wasa, to bai fahimci inda yake ba.

A gidan tarihi na garin an adana kayan al'adun Dakarkari, mutanen da suka yi suna wajen gina tukwane masu siffar mutum ko dabba, waɗanda ake ɗorawa a kan kaburburan manya. A ganina, wannan sana'a ta fi komai cancantar a tsaya a duba.

Akwai fadar Sarkin Zuru, ga masallatai, ga coci-cocin UMCA da mishan suka kafa tun zamanin Turawa. Sau da yawa a gida ɗaya za ka tarar da Musulmi da Kirista.

Mai niyyar zuwa ya daidaita tafiyarsa da bikin Uhola na bayan girbi, ya kuma bincika lafiyar hanya kafin ya tashi.