Ranar da Alƙalawa Ta Faɗi

Ranar Litinin, 3 ga Oktoba, 1808, cikin watan Sha'aban na shekarar 1223 bayan Hijira, rundunar jihadi ta keta ganuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir. A ranar aka kashe Sarkin Gobir Yunfa. Kufan birnin na nan har yau a gefen Gulbin Rima, ba nisa da Sabon Birni.

Alƙalawa ba kanwar lasa ba ce. Sarki Babari ne ya kafa ta a tsakiyar ƙarni na 18, sa'ad da Gobirawa suka karya ƙarfin Zamfara. Daga nan Bawa Jan Gwarzo ya yi mulkin da ake tunawa da shi har gobe. Nan kuma Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya riƙa zuwa daga Degel yana yi wa sarakuna nasiha. Ruwaya ta nuna cewa a fadar ne Yunfa ya saita Shehu da bindiga, sai ta tashi da baya ta ƙone Yunfa.

A Fabrairun 1804 Shehu ya yi hijira zuwa Gudu. Watan Yuni aka gwabza a Tabkin Kwatto, Yunfa ya sha kashi. Jama'ar Shehu ta ga kamar hanya ta buɗe, ta nufi Alƙalawa kafin ƙarshen shekarar. Ashe da sauran rina a kaba. A Tsuntsuwa, dab da birnin, Gobirawa da Buzaye suka auka musu. Muhammadu Bello, ɗan Shehu, ya rubuta cewa an rasa mutum kusan 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani 200. Aka sake komawa daga baya, ganuwa ta ƙi.

Abin da ya sauya a 1808 shi ne Gobir ta wayi gari ba maƙwabcin da zai kawo mata ɗauki. Birnin Kabi ya faɗi tun 1805, Katsina da Kano suka biyo baya. Da damina ta ɗauke, gero ya nuna, mayaƙi ya samu guzuri, doki ya samu harawa, sai Bello ya tara runduna. Ga Sarkin Yaƙi Aliyu Jedo, ga Namoda daga Zamfara, ga Ummarun Dallaje da mutanen Katsina. Suka yi wa birnin zobe. Yunfa bai gudu ba. Cikin garinsa ya mutu, tare da jarumansa. Shehu yana Gwandu labari ya iske shi. Shekara ɗaya bayan haka, a 1809, Bello ya kafa Sakkwato.

Sai dai faɗuwar birni daban, mutuwar al'umma daban. Gobirawa suka ci gaba da yaƙi har zuwa Gawakuke a 1836, inda aka kashe Sarkinsu Ali. Waɗanda suka tsira suka bi sabon Sarkinsu Mayaƙi zuwa Tsibiri, kusa da Maraɗi. Daga can ne wani ɗan sarautar Gobir, Ɗan Halima, ya ɓalle ya dawo bakin gulbi, ya kafa Sabon Birni. Isa kuwa ta zama ribaɗin Sakkwato mai sa ido kan wannan iyaka, a hannun zuriyar Bello.

Shi ya sa yau idan ka ce Sarkin Gobir, sai an tambaye ka wanne. Akwai na Tsibiri a Jamhuriyar Nijar, akwai na Sabon Birni, akwai na Isa, akwai na Gwadabawa. Jikokin waɗanda aka ci da yaƙi da na waɗanda suka ci, duk suna riƙe da sarautar Gobir.