Iska Ce Ko Ruwa? Gardamar Inshorar Gidaje Bayan Guguwar Katrina

Inshorar gida wata yarjejeniya ce tsakanin maigida da kamfani. Maigida yakan biya 'yan kuɗi kowace shekara, kamfani kuwa ya ɗauki alkawarin biyan diyya idan wata masifa ta auka wa gidan. Abin da yawancin mutane ba su lura da shi ba shi ne, ba kowace masifa ce ke cikin alkawarin ba. Domin mu fito da wannan magana fili, bari mu duba abin da ya faru a Amurka a shekarar 2005.

Ran 29 ga watan Agusta na wannan shekara wata gawurtacciyar guguwa da aka sa wa suna Katrina ta taso daga teku, ta faɗa wa jihohin Luwiziyana da Misisifi. Birnin New Orleans a cikin kwari yake, datsi ne ke kare shi daga ruwa. Da datsin ya karye, sai ruwa ya ci kashi 80 cikin 100 na birnin. Mutum fiye da 1,300 suka hallaka.

Da ruwa ya janye, masu gidaje suka nufi kamfanoni da takardunsu. Sai aka ce musu, ai takardar ta ɗauki ɓarnar iska da ta gobara, amma ba ta ɗauki ta ambaliya ba. To, a bakin tekun Misisifi akwai gidajen da ba abin da ya rage sai daɓen siminti. Wa zai shaida ko iska ce ta fara kwashe jinka, ko kuwa ruwa ne ya fara tunkuɗe bango? Maigida ya ce iska, kamfani ya ce ruwa. Har wani ɗan Majalisar Dattawa, Trent Lott, sai da ya kai ƙara a kan gidansa. Mutanen New Orleans kuma suka kawo hujja cewa ruwan da ya cinye su sakacin maginan datsi ne ya jawo shi, amma a 2007 kotun ɗaukaka ƙara ta yanke cewa ambaliya dai ambaliya ce, ko mene ne sanadinta.

Kada masu karatu su zaci mugunta ce kawai ta hana kamfanoni ɗaukar ambaliya. Lissafi ne. Gobara gida ɗaya takan ci ko biyu, sai a biya daga kuɗin dubban da suka tsira. Ambaliya kuwa gari guda take ci rana ɗaya, kuma ba mai neman inshorarta sai wanda ke bakin ruwa. Saboda haka a 1968, bayan ɓarnar guguwar Betsy ta 1965, Gwamnatin Amurka ta kafa nata asusun inshorar ambaliya. Iyakar abin da yake biya a kan ginin gida dala 250,000 ne, a kan kayan ɗaki kuwa 100,000. Katrina ta ci wa wannan asusu wajen dala biliyan 16, har ya ci bashi daga baitulmali. A 2017 Majalisa ta yafe masa dala biliyan 16 daga bashin da ya taru a kansa. A 2021 aka sake lissafin kuɗin da ake biya domin ya dace da haɗarin kowane gida, kuma doka ta yarda a yi wa gidan da mutum ke zaune ciki ƙari har kashi 18 cikin 100 a shekara.

Amma a ganinmu abin da ya fi ciwo wajen sake gini yake. Gwamnati ta fito da wani shiri mai suna Road Home, wanda ke ba maigida taimako har dala 150,000. Sai dai an ce a duba darajar gidan kafin guguwa, a duba kuɗin gyaransa, a yi lissafi da wanda ya fi ƙanƙanta. Duk malamin da ya taɓa koyar da lissafi zai hangi inda aka nufa. Buhun siminti da ladan magini kuɗinsu ɗaya ne a unguwar attajirai da ta talakawa, amma darajar gida ba ɗaya ba ce. Watau gidaje biyu masu ɗakuna daidai, ɓarna daidai, na unguwar baƙar fata matalauta ya sami abin da ba zai kai shi ga rufi ba. Aka kai ƙara a 2008, ba a daidaita ba sai 2011, lokacin da da yawa sun riga sun kafa zama a wasu garuruwa.

Ƙidayar 2000 ta sami mutum 484,674 a New Orleans. Ta 2010 ta sami 343,829, ta 2020 kuwa 383,997.