Daga Faifai Zuwa Odiyo: Kalmar da Ta Haɗiye 'Yan'uwanta

Wata dattijuwa ta miƙa wa jikanta waya ta ce, "Ɗan nan, kunna mini odiyon da babanka ya turo daga Legas." Yaron ya danna, sai ga muryar ɗanta yana gaishe ta, yana tambayar ciwon ƙafarta. Da shekara talatin baya ne, kaset za ta ce, domin a lokacin haka 'yan ci-rani da mazauna Makka suke yi: su ɗauki muryarsu a rikoda, su ba matafiyi ya kawo gida. Buƙatar jin muryar na nesa tana nan yadda take. Sunan abin ne ya sauya, kuma sauyin yana da dalili.

Odiyo daga Turanci muka aro ta, inda ake rubuta ta audio. Su ma Turawan daga Latin suka samo ta, ma'anarta "ina ji". Suna amfani da ita ga duk sautin da aka naɗa ko aka watsa, musamman idan ana son bambanta shi da bidiyo.

Tsofaffin kalmominmu kuwa mazubin suke kira, ba abin da ke ciki ba. Da garmahon da Emile Berliner ya ƙirƙira a 1887 ya iso ƙasar Hausa, mutane suka dubi baƙin abin nan mai zagaye suka ga ya yi kama da faifan rufe ƙwarya, suka ce masa faifai. Da kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, muka karɓi sunan tare da kayan. Haka aka yi da sidi. Amma da waƙa da wa'azi suka koma cikin memori da waya, sai ya zama babu abin riƙewa a hannu. Dole aka nemi kalmar da za ta kira sautin shi kansa, odiyo kuma tana kusa, ga ta ta dace da bakin da ya riga ya saba da rediyo da bidiyo. Masu tura waƙoƙi a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano sun ƙara kafa ta da tambayarsu ta kullum: "Odiyo kake so ko bidiyo?"

Dalili na biyu shi ne WhatsApp, wanda ya kawo saƙon murya a 2013. Zuwa 2022 kamfanin ya ce ana tura irin wannan saƙo biliyan 7 a kowace rana a duniya. A wurinmu abin ya zo daidai da ɗabi'a. Mu mutanen baka ne, da yawa cikin iyayenmu ajami suka iya ba boko ba, wanda ya iya bokon ma yana fama da wayar da ba ta da ƙ da ɗ da ɓ. Magana ta fi sauƙi.

Amfanin a fili yake. Manomi yana jin farashin masara daga bakin dillali ba tare da ya nemi mai karanta masa ba. Tafsirin Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, wanda aka kashe a 2007, da waƙoƙin Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, sun tsira daga kaset ɗin da zafi da ƙura ke cinyewa. Mata suna sauraron littattafan Hausa da ake karantawa a YouTube suna tuƙa tuwo.

Sai dai an yi asara. 'Yan kaset na Ƙofar Wambai a Kano sun rasa kasuwa, mawaƙi kuma ya rasa kuɗin da yake samu daga kowane kwafi. Abin da ya fi damuna shi ne asarar tushe. Kaset yana da suna a jikinsa, akwai shagon da aka saye shi. Odiyo kuwa shigowa take yi babu uba: ba a san mai magana ba, ba a san ranar ba, ana iya yanke farkonta da ƙarshenta. Ga shi yanzu akwai manhajojin da ke kwaikwayon muryar mutum. Da irin wannan ake kashe aure, ake ɓata sunan malami, ake tayar da hankalin gari.

Matasan Najeriya sun gane haka, har suka ba kalmar sabuwar ma'ana. Kamar yadda aka ji a waƙar Rudeboy ta 2019 mai suna Audio Money, odiyo ta zama abin da ake ji ba a gani: kuɗin odiyo, alƙawarin odiyo. Bahaushe ya riga su, tunda ya ce gani ya kori ji.

Korar kalmar ba za ta yiwu ba, ta riga ta zauna. Abin da ya rage mana biyu ne. 'Yan jarida da malamai su riƙa raya kalmomin sauti da saƙon murya a inda suka fi fayyace ma'ana. Mu kuma masu waya, kafin mu tura odiyo gaba, mu yi mata tambayar da ake yi wa baƙo a zaure: daga ina, kuma wa ya aiko ka?