Rumbun fina-finai a gida: yadda ake haɗa shi da tsohuwar kwamfuta

A gidaje da dama na Maraɗi da Damagaram, fim guda sai a sauke shi sau uku: uwargida a wayarta, babban ɗa a tasa, ƙanwarsa ma haka. Kowa ya ƙona forfe, kowace waya ta cika. Ranar da katin ajiya ya lalace kuwa, har bidiyon biki da na suna sun tafi ke nan. Maganin wannan shi ne a ware na'ura ɗaya ta zama rumbu, abin da ake kira serveur da Faransanci. Ita ke riƙe da komai, tana aika wa wayoyi da talabijin ta Wi-Fi.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne kallon ba ya cin intanet. Fim yana fitowa daga rumbun, ya bi ta akwatin Wi-Fi, ya isa waya, duk a cikin gida. Ko babu kuɗi a layin, akwatin zai ci gaba da haɗa na'urorin.

Kayan aikin uku ne: kwamfuta, faifan ajiya da akwatin Wi-Fi. Masu gyara kan yi maganar Raspberry Pi, ƴar na'urar da ba ta wuce tafin hannu ba, amma a ƙasarmu tsohuwar kwamfutar hannu ta fi dacewa, ko da gilashinta ya tsage. Dalili shi ne batir. Idan wuta ta ɗauke ba za ta mutu nan take ba, alhali yankewar wuta lokacin da faifai ke rubutu na iya ɓata abin da ke ciki. Ga shi ba ta shan lantarki kamar babbar kwamfutar tebur. Faifai mai tera 1 yana ɗaukar fim kusan 500 in kowane giga 2 ne. A haɗa kwamfutar da akwatin ta igiya, ya fi tsayawa daram.

Sai manhaja. Plex ta fi suna, sai dai tana neman a buɗe asusu, wasu ayyukanta kuma na kuɗi ne. Jellyfin, wadda ta ɓalle daga Emby a 2018, kyauta ce baki ɗaya, tana aiki a Windows da Linux, kuma ba ta buƙatar asusu a wani kamfani. Bayan an girka ta, a nuna mata inda fina-finan suke, sannan a sa manhajarta a waya ko talabijin mai Android, a rubuta adireshin kwamfutar, misali 192.168.1.10:8096. A kafe wannan adireshin a cikin akwatin Wi-Fi, in ba haka ba wata rana ya canza, yara su ce rumbu ya mutu. Kowa na iya samun nasa suna da lambar sirri, a kuma rufe wa yara abin da bai kamata su gani ba.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne nau'in bidiyo. Idan waya ba ta gane fim ba, kwamfutar ce za ta riƙa juya shi yayin da ake kallo, tsohuwar na'ura kuwa sai ta yi zafi, hoto ya dinga tsayawa. MP4 mai H.264 kusan kowace waya na karanta shi kai tsaye. Zafin Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40, da ƙurar hunturu su ma abokan gaba ne: kada a kulle na'urar a kabad, a riƙa busa mata ƙura.

Jellyfin na ɗauko hoto da bayanin fim daga intanet in an rubuta sunansa da shekararsa daidai. Finafinan Kannywood da yawa ba za ta same su ba, sai an cike da hannu. Game da haƙƙin mallaka, wanda BNDA ke kula da shi a Nijar, rumbu na iyali ne. Tura wa jama'a fim ɗin wani a karɓi kuɗi satar fasaha ce.

Faifai kuma yana mutuwa ba sallama. Fim ɗin kasuwa ana sake samunsa, bidiyon auren iyaye ba a sakewa. Irin waɗannan a kwafe su a faifai na biyu, a cire shi daga wuta, a ajiye a wani ɗaki.