Mai Shari'a Mamman Nasir, Galadiman Katsina

An haifi Mamman Nasir a shekarar 1929, kuma bayan ya sami shaidar zama lauya a Ingila a 1955, ya dawo gida ya riƙe muƙamin Ministan Shari'a na Jihar Arewa a zamanin Sardauna. Ya zama alƙalin Kotun Ƙoli a 1975, sannan daga 1978 zuwa 1992 ya shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara, wato kotun da ke sake duba hukuncin manyan kotuna idan wani ɓangare bai gamsu ba. Da ya ajiye aiki aka naɗa shi Galadiman Katsina, Hakimin Malumfashi, sarautar da ya riƙe har rasuwarsa a watan Afrilun 2019. Allah ya jiƙansa da rahama.