Suturar Iyayenmu Mata Daga Kaka Zuwa Hunturu

Kaka ta yi a ƙasar Kafin Hausa. Gero ya shiga rumbu, ana kaɗe riɗi, mata suna ta fama da zoɓo da gyaɗa. A wannan ɗan lokaci ne kaɗai cikin shekara kuɗi ke kwana a hannun talaka. Amma fa ba ya daɗewa. Kafin a ankara watan Disamba ya kama, iska ta juyo daga arewa maso gabas da ƙura da hazo, kuɗin kuwa ya riga ya tafi wajen biyan bashi da hidimar biki.

Muna so mu yi magana a kan wata bukata wadda ba a cika sa ta cikin lissafin kaka ba, watau suturar mata manya, waɗanda suka ba shekara hamsin baya. A zagayen da muke yi na ƙauyuka mun lura da abu guda. Yara suna samun rigar sanyi, ko da ta gwanjo ce. Maigida yana da babbar riga da bargo. Amma in ka shiga cikin gida da asuba, sai ka tarar da Iya ko Gwaggo a tsugune bakin murhu, ta ƙudundune da zane ɗaya tal wanda ya sha wanki har ana hangen haske ta cikinsa. In ka yi mata magana ta ce, "Ai mu mun saba, ɗan nan." Ba sabo ba ne, kawaici ne. Zannuwanta masu kyau ta ba 'yarta da za a kai ɗaki, wani kuma ya zama na goyon jika.

Jikin tsoho ba ya riƙe ɗumi kamar na yaro. Kitsen da ke ƙarƙashin fata yana raguwa da shekaru, jini kuma ba ya kaiwa yatsu da tafin ƙafa sosai. Ga shi garuruwanmu da yawa suna kusa da fadama, inda reshen Kogin Haɗeja ke ratsawa, sanyin asuba a nan ya fi na tudu cizo. Tari da mura sun fi yawa a wannan lokaci, ciwon gaɓɓai yana tashi, ciwon haƙarƙari kuwa, wanda likitoci ke kira nimoniya, ya fi kayar da tsofaffi da ƙananan yara. Kuɗin magani na kwana uku a asibitin Haɗeja ko na Dutse, da kuɗin mota, ya isa ya tufatar da tsohuwa har ƙarshen ɗari.

A da can ba haka abin yake ba. Kusan kowace tsohuwa tana da abawa da mazari, tana kaɗi da audugar gonar gida, a kai wa masaƙi ya saƙa gwado ko luru. Gwado ɗaya yakan yi shekaru. Daga baya masaƙun zamani suka zo. An buɗe masaƙar farko ta Kaduna a 1957, wasu suka biyo baya a Kaduna da Kano, atamfar auduga ta wadata har ƙauye. Yawancin masaƙun nan sun rufe, babbar cikinsu ma, UNTL, ta tsaya da aiki a 2007. Galibin atamfa mai araha da 'yan kasuwa ke sarowa daga Kantin Kwari a Kano daga ƙasar Sin take zuwa, da yawa daga ciki kuwa zaren roba ne, ko kuma auduga da aka gauraya da roba. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, darajar Naira kuma ta faɗi, farashin tufafi ya yi tashin gwauron zabi. Don haka tilas ne a yi sayayya da tunani.

A gane auduga kafin a biya

Atamfar roba tana da ƙyalli, ba ta saurin koɗewa, shi ya sa take jan ido a kasuwa. Amma da rana tana riƙe gumi, da asuba kuma ta yi sanyi ƙalau a jiki. Babban aibinta shi ne wuta. Tsohuwar da sanyi ya dama ba ta rabuwa da murhu ko kaskon gawayi. In tartsatsi ya faɗa wa zanen roba, narkewa yake yi ya manne da fata, ƙunar kuwa ta yi zurfi. Auduga ma tana cin wuta, kada wani ya ce mun ce ba ta ci, amma ba ta narkewa, ana iya kwance zanen a jefar.

Ga yadda za a gwada. A roƙi mai kaya ya yarda a zare zare biyu ko uku daga bakin turmin, a kanga musu ashana. In auduga ce za ta yi warin takardar da ta ƙone, ta bar toka mai laushi wadda ke murmushewa a yatsa. In roba ce sai zaren ya nannaɗe, ya dunƙule ya zama ɗan ƙwallo baƙi mai tauri. Mai kayan da ya san abin da yake sayarwa ba zai hana ba.

Turmin atamfa yadi shida ne. Zane yana cin yadi biyu, riga wajen biyu, saura a fitar da ɗankwali, a sami ƙyalle. Shawararmu ita ce mata biyu su haɗa kai, kowacce ta sayi turmi guda mai zane daban, sa'an nan su raba biyu su yi musaya. Kowacce ta tashi da zane biyu da ɗankwali biyu masu launi daban-daban. Riga kuwa a ɗinka ta da yadin auduga marar zane, mai duhun launi, shuɗi ko ruwan ƙasa, wanda zai shiga da kowane zane. Launi mai duhu ba ya saurin nuna datti, ba sai an yi ta wanke shi kullum ba, ga ruwa da sabulu sun yi tsada.

A gaya wa tela ya yi rigar da dogon hannu, ya sake ta, wuyan kuma kada ya faɗa. Telolin yanzu sun saba da ɗinkin 'yan mata, matsattse mai buɗaɗɗen wuya, in ba a ja musu kunne ba haka za su yi wa Inna. Sakakkiyar riga ita ce za ta bari a sa shimi ko wata riga daga ciki. Tufa biyu ko uku marasa nauyi, ɗaya bisa ɗaya, sun fi guda mai kauri ɗumi, domin iskar da ke tsakaninsu ita ke tsare zafin jiki. In rana ta ɗaga kuma sai a rage ɗaya. A kuma karɓo ƙyallayen da suka ragu, na mai kaya ne, ba na tela ba.

Tsohon zane ba abin yarwa ba ne. A mai da shi dogon fatari na ciki. In kuwa an sami biyu ko uku da suka tsufa, a shimfiɗa su ɗaya kan ɗaya, a bi su da ɗinkin hannu layi-layi, tazarar yatsa huɗu tsakani. An sami mayafin kwanciya ke nan ba tare da an kashe kwabo ba, sai kuɗin zare da allura.

Rigar sanyi

Wannan kam gwanjo ya fi. 'Yan gwanjon da ke baza kaya a kasuwanninmu, da Haɗeja da Gujungu, da yawansu daga Ƙofar Wambai a Kano suke sarowa. A watan Oktoba rigunan sanyi suna zube ba mai tayawa. Ranar da hazo ya sauka kuwa, mai kaya ya san kowa zai zo. A saya tun ana gumi.

A zaɓi mai maɓalli a gaba, domin wadda kafaɗarta ke ciwo ba ta iya ɗaga hannu ta zura riga ta ka. A ɗaga ta sama a duba ta da hasken rana, ko asu ya huda ta. A duba hammata da gwiwar hannu, nan ne take fara mutuwa. In an kawo gida kada a sa sai an jiƙa ta da ruwan zafi, an wanke, an shanya a rana ta bushe sarai, saboda ƙazuwa da ƙwarƙwata suna iya biyo tufafin da wani ya sa. Ta ulu ce kaɗai ba ta son ruwan zafi, takan tsuke. Ita a wanke ta da ruwan sanyi, in ta bushe a ƙulle ta cikin leda mako biyu kafin a sa.

Safa ƙafa biyu da takalmi sau-ciki na roba ko na yadi ba su da tsada, amma silifa kaɗai ba ta hana faso. Da dare a wanke ƙafa da ruwan ɗumi, a shafa man kaɗanya, a sa safa a kwanta. Mai ciwon sukari ta fi kowa bukatar wannan, domin ɗan faso a ƙafarta yana iya zama gyambon da ba ya jin magani. Ɗankwali kuma a ɗaura shi ya rufe kunne.

Batun anko

Ba za mu ɓoye ra'ayinmu a nan ba. Bayan kaka ne ake bukukuwa, kowane biki kuma da ankonsa. Mun san mace ba ta son a ce ita kaɗai ce ba ta yi ba, zumunci ne, ba mu raina shi ba. Amma anko uku a kaka ɗaya, duka na roba, duka masu ƙyalli, ba ko ɗaya da zai tare sanyin Janairu, wannan asara ce. Iyayen biki su ne da laifi fiye da masu saye. In za a fitar da anko, a fitar da atamfar auduga wadda za a ci gaba da ɗaurawa bayan an watse, a kuma ɗauke wa tsofaffi da gwauraye nauyinsa. Masu adashi su tsara kwasar Oktoba da Nuwamba ta faɗa kan manyan mata. Mata biyar ko shida kuma suna iya haɗa kuɗi su aiki mutum ɗaya amintacce ya saro musu a Kwari, kuɗin mota ɗaya maimakon shida.

'Ya'yan da ke aiki a Dutse ko Kano ko Legas, in za ku yi aike gida, ku aiko da kayan kansu, a ɗinke, ku ce na Iya ne. In kuɗi kuka aiko, cefane zai cinye, ita ce ma za ta fara miƙawa.

Sauran magana ajiya. Mutanen Bulangu da maƙwabtansu ba su manta da ambaliyar 2022 ba, lokacin da ɗakuna suka zube, kayan sawa suka tafi tare da hatsi. In ɗari ya wuce a watan Maris, a wanke rigar sanyi da safa da mayafi, a tabbata sun bushe, a ƙulle su cikin leda, a sa a adaka. Adakar kuma kada a ajiye ta a ƙasa ko a jingina ta da bango, saboda gara da laima. A ɗora ta bisa duwatsu ko benci, a riƙa buɗewa ana shanya kayan sau ɗaya ko sau biyu cikin damina.